Bakin Ruwan Okaukuejo

A Sumu na fara ganin raƙumin dawa da idona, wato gandun dajin nan na ƙaramar hukumar Ganjuwa a jihar Bauchi. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya ce shi da jakunan dawan da ke kiwo a gefensa asalinsu ba 'yan nan ba ne, gwamnatin Namibiya ce ta yi wa jihar Bauchi kyautarsu a 2006. Yayana, wanda ya shafe shekara talatin yana aikin likitan dabbobi kafin ya yi ritaya, ya daɗe yana kallonsu, can ya ce, "Ƙasar da ke kyauta da irin waɗannan, ita me ta bar wa kanta?" Shekara huɗu muka yi muna tara kuɗi kafin mu tafi Namibiya neman amsar.

Gardamarmu ta farko a kan lokaci ce. Ni Disamba na so, saboda hutun makaranta da kuma ganin daji shar. Yaya ya ce sam. Daminarsu daga wajen Nuwamba take zuwa Afrilu, kuma da damina kowane kwari yana riƙe da ruwa, dabbobi sai su watsu cikin daji, ciyawa ta yi tsawo ta ɓoye su. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa ruwa ya ƙafe, in ban da 'yan mashaya ƙalilan, kuma duk mai rai dole ya biyo ta nan. Muka tsayar da farkon Agusta. Tun a Fabrairu muka kama wuraren kwana, don masaukan da ke cikin gandun daji cika suke yi da wuri a wannan lokacin.

Gardama ta biyu taswira ce ta raba ta. Na rubuto wurare tara. Namibiya ta haura murabba'in kilomita 820,000, kaɗan ya rage ta kamo Najeriya a faɗi, amma mutanenta miliyan uku ne da 'yan kai a ƙidayar 2023, ba su kai na jihar Bauchi kaɗai ba. Tsakanin gari da gari sai ka yi awa uku ba ka ga gidan mai ba. Muka soke shida, muka bar uku: rairayin Sossusvlei, bakin teku, sai gandun dajin Etosha. Sauran shiri kuwa biza ne, da katin rigakafin shawara, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da rigunan sanyi da Yaya ya nace mu saya a gwanjo.

Mun baro Bauchi cikin marka, muka bi ta Addis Ababa, muka sauka a filin jirgin Hosea Kutako, kimanin kilomita 45 daga Windhoek, babban birnin ƙasar. Ko ɗigon gajimare babu a sama, iska busasshiya kamar ta tsakiyar hunturu. Motar da muka yi haya doguwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, da tanti a naɗe a samanta, da ƙaramin firij, da tayar safaya biyu. Mai ba da hayar ya maimaita mana sau uku cewa kada mu wuce gudun kilomita 80 a kan hanyar tsakuwa, kada kuma mu yi tuƙin dare. A hannun hagu suke tuƙi. Yaya ya ce yana ɗan firamare lokacin da Najeriya ta koma hannun dama a 1972, ashe zai sake ganin irin wannan.

Kwana biyu muka yi a Windhoek. Akwai titi a can mai sunan Janar Murtala Muhammed, kuma sai da muka tsaya a gindin allon, don mun san ba a banza aka sa ba: Najeriya ta tsaya wa 'yan SWAPO, ƙungiyar gwagwarmayar 'yancin ƙasar, har suka ƙwaci 'yancinsu daga Afirka ta Kudu ranar 21 ga Maris, 1990. A kasuwar Katutura ƙamshin gasasshen naman da suke kira kapana ya cika ko'ina, kamar ka shiga layin masu tsire da yamma, amma ba mu san yankan ba, sai muka haƙura. Musulmi kaɗan ne a ƙasar. Bayan sallar Juma'a wani bawan Allah ya nuna mana inda ake sayar da naman halal, muka cika firij, muka haɗa da taliya, da shinkafa, da kifin gwangwani, da yajin da muka taho da shi. A masallacin ne kuma na fara lura cewa alƙibla a nan arewa take, ta ɗan karkata gabas. Mu da muka tashi da "fuskanci gabas", sai da jikina ya yi kwanaki kafin ya saba.

Hanyar Sesriem, mashigar rairayin Sossusvlei, ta haura kilomita 300, galibinta tsakuwa. Ba mu daɗe da wuce Solitaire ba, wani ɗan zango mai gidan mai da shago, tayar baya ta fashe. Na kashe mota, shiru ya rufe mu. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ganye, har bugun zuciyata ina ji. Muna cikin kwance noti wata mota ta ɓullo da ƙurarta, ta tsaya, wata dattijuwa ta leƙo ta tambaya ko muna da ruwan sha isasshe. Duk motar da ta wuce mu a ranar sai da ta rage gudu ta jira mu ɗaga hannu.

Mun kwana a cikin shingen Sesriem, domin masu kwana a ciki ana buɗe musu ƙofa awa guda kafin fitowar rana. Ruwan alwalar asuba kamar ƙanƙara, na gode wa Yaya da rigunan gwanjonsa. Daga ƙofa zuwa ƙarshen kwalta kusan kilomita 60 ne, tuddan rairayi hagu da dama. Da rana ta fito sai kowane tudu ya rabu biyu, gefe ɗaya ja kamar garin barkono, ɗaya gefen baƙi ƙirin. Kilomita biyar na ƙarshe yashi ne zalla, sai mun rage iskar tayoyi. Daga nan muka taka zuwa Deadvlei, wani farin fili na busasshen yumɓu da tuddai suka kewaye. Itatuwan cikinsa dangin bagaruwa ne. Rairayi ya tare kogin Tsauchab da ke shayar da su, suka mutu fiye da shekara 600 da suka wuce, amma tsananin bushewa ya hana su ruɓewa. Suna nan tsaye, rana ta ƙone su sun yi baƙi.

A hanyar dawowa muka ga mariri guda ɗaya yana tafe a kan ƙundun tudu, ƙahoninsa biyu miƙe kamar masu, fuskarsa fari da baƙi. Shi ne a tambarin ƙasar. Yaya ya ce yakan daɗe bai sha ruwa ba, yana tonon saiwoyi, yana cin gunar daji, yana kiwo da dare lokacin da ciyawa ta ɗan sha raɓa. Sannan ya ce, "Ƙanena, ka san mu ma muna da namu? Kalmar ba aro muka yi ba." Mariri na yankin Sahel, mai lanƙwasasshen ƙaho, farauta ta cinye shi har aka bayyana a shekarar 2000 cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Abin ya tsaya mini a rai. Suna ya rage a bakinmu, dabbar babu.

Bakin teku ban daɗe a kansa ba. Hazo ne kullum da safe a Walvis Bay da Swakopmund, saboda sanyin igiyar ruwan teku ta Benguela, kuma wannan hazon ne ruwan shan ƙwari da tsirran hamadar. Mun ci kifi har muka gode Allah. Gine-ginen Swakopmund na Jamusawa ne, masu kyau ƙwarai, amma a garin ne aka tsare 'yan ƙabilar Herero a sansani lokacin kisan kiyashin da Jamusawa suka yi musu da 'yan ƙabilar Nama daga 1904 zuwa 1908, wanda sai a 2021 Jamus ta amsa sunansa. Na kasa kallon ginin ba tare da tuna wannan ba.

Muka nausa arewa ta Outjo, muka shiga Etosha ta ƙofar Anderson. Tun 1907 aka keɓe wannan daji, kuma yau faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000. A tsakiyarsa akwai wani farin fili na gishiri da kanwa, tsawonsa kusan kilomita 130, in ka tsaya a bakinsa ba ka ganin ƙarshe. Dokokin a bayyane suke: ba fita daga mota sai a wuraren da aka kewaye, ba wuce gudun kilomita 60, kuma dole ka kasance cikin sansani kafin rana ta faɗi, lokacin da ake rufe ƙofa. Babu dorina, babu kada, babu ɓauna, don babu kogi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa baƙi ba: 'yan asalin wurin, wani reshe na mutanen San, an kore su daga cikinsa a 1954.

Ranar farko ni na tsara ta. Muka yi ta zagaye daga wannan mashaya zuwa waccan, minti biyar nan, minti goma can, har kusan sansanin Halali muka dawo. Mun ga barewa ba adadi, da jimina, da dila, amma galibi ƙura muka sha. Da daddare Yaya ya ce, "Ƙanena, da rani maharbi ba ya bin sawu, bakin ruwa yake tsarewa. Gobe mu zauna."

Mashayar Okaukuejo a jikin sansanin da muka sauka take, mai wannan sunan. Akwai gajeriyar katanga ta dutse da bencina, ruwan yana ƙasa kaɗan, jifa guda. Muka zauna tun bayan asuba da flas ɗin shayi. Zabi ne suka fara zuwa, a guje, suna surutu. Da rana ta ɗaga sai jakunan dawa suka ɓullo a jere daga nesa, suka tsaya, suka shinshina iska, suka matso taku goma, suka sake tsayawa. Sun fi rabin awa kafin na gaba ya sa baki, kuma da wani tsuntsu ya tashi firgigit duk suka watse suka sake sabon lale. Mariri ya shiga har gwiwa, kowa ya ba shi wuri saboda ƙahon.

Raƙumin dawa ya fi kowa ba ni tausayi. Ya zo tun hantsi, bai sha ba sai kusan azahar. Don ya kai ga ruwa sai ya ware ƙafafun gaba, ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuyar da wannan dogon wuyan, kuma a wannan tsayuwar ba ya iya gudu. Ya kurɓa, ya zabura ya miƙe, ruwa na tsiyaya daga leɓensa, ya duba gabas da yamma. Yaya ya yi mini raɗa cewa jijiyoyin wuyansa suna da 'yan marufai da ke hana jini kwarara zuwa ƙwaƙwalwa in ya sunkuya. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan."

Bayan la'asar giwaye suka iso, na ƙirga goma sha bakwai, tsohuwar uwa a gaba. Jikinsu fari-fat da ƙasar wurin, kamar an bulbule su da toka. Abin mamaki, ba ka jin takunsu. Kowa ya ja gefe. Wani ɗan ƙarami bai iya sarrafa hancinsa ba, sai ya durƙusa ya sha da baki, uwarsa ta tokare shi da ƙafa kada ya zame. Na tuna giwayen Yankari, da yadda ake shan wahala kafin a gan su, da manoman da suke kuka da ɓarnarsu. A nan tun 1996 doka ta bai wa ƙauyuka damar kafa ƙungiyoyin kula da namun dajin yankinsu, su ci moriyar kuɗin masu yawon buɗe ido. Ba ta kawar da rikicin giwa da gona ba, amma mutumin da giwa ke biya wa ɗansa kuɗin makaranta ba zai kalle ta yadda manomin da ba ya samun komai ke kallonta ba. A ganina nan ne muka yi sake.

Da dare akan kunna fitila mai launin rawaya a kan ruwan. Mutane sun kai hamsin a bencinan, daga ƙasashe daban-daban, amma ko tari mutum zai yi sai ya toshe baki. Mun yi isha'i, muka dawo a lulluɓe da barguna. Wajen ƙarfe goma muka ji ƙarar duwatsu suna gogar juna a cikin duhu. Baƙar karkanda ce, irin wadda mafarauta suka kusa ƙararwa saboda ƙahonta, da ɗanta a bayanta. Ta tsaya a gefen haske tana juya kunnuwa, don idonta ba ya gani da nisa. Ta shigo a hankali. Ina ganin siffarta biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a kife cikin ruwa. Can nesa zaki ya yi gurnani, ɗan ya matsa ya shige ƙarƙashin wuyanta, ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba.

Yaya ya kama hannuna ya matse, bai ce komai ba. Washegari muka je ofishin sansani muka soke kwananmu na sansanin Namutoni, muka tambaya ko akwai wurin kafa tanti na ƙarin dare biyu a nan. Aka duba, aka ce saura ɗaya, can kusa da katanga.