Kawowa daban, haihuwa daban: maza mu san jikinmu

Yawancinmu maza ma'auni ɗaya muke da shi na lafiyar gaba, in dai tana miƙewa kuma ana kawowa to shikenan, lafiya lau. Idan haihuwa ta yi jinkiri sai ido ya koma kan matar, ita za ta yi ta zaryar asibiti ana yi mata gwaji kala-kala, shi kuwa ko sau ɗaya bai ba da maniyyinsa an duba ba. Abin nan yana damuna matuƙa wallahi, domin likitoci sun daɗe da sanin cewa cikin ma'auratan da haihuwa ta gagara, kusan rabi akwai matsala a ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko haɗe da ta matar. Kuma ni a ganina ba mugunta ce ke sa maza haka ba, rashin sanin yadda jikin yake aiki ne, ga kunya ta hana tambaya.

Toh bari mu fara daga 'ya'yan maraina tunda can ne tushe. Tun yaro yana cikin mahaifiyarsa a cikin cikinsa ake halittarsu, can kusa da ƙoda, sai a watannin ƙarshe kafin haihuwa su sauko ta matsematsi su shiga jakarsu. Shi ya sa in aka bugi mutum a wurin yake jin ciwon har cikin ciki, jijiyoyin daga can sama suka taho. Me ya sa aka fito da su waje alhali ciki ya fi tsaro? Zafi. Jikin mutum yana kan digiri 37, su kuwa ƙwayoyin haihuwa sai wurin ya yi ƙasa da haka da digiri 2 zuwa 3 suke samuwa yadda ya kamata. Kai ma ka lura da kanka, lokacin sanyi jakar tana tsukewa ta matso jiki, lokacin zafi ta saki ta sauka, aikin wata tsoka ne da take daidaita zafin ba tare da ka sa ta ba. Kuma in ka ga na hagu ya ɗan fi na dama sauka kar ka damu, haka yawancin maza suke. Abin da ya kamata iyaye su duba shi ne jariri namiji, a taɓa a tabbatar duka biyun sun sauko, in ɗaya bai sauko ba har wata shida to a kai shi asibiti, ana so a yi aikin kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi.

A cikin kowane ɗan maraina akwai wasu siraran bututu a nannaɗe waɗanda in da za a warware su a jera sai su kai mita ɗaruruwa, a bangon su ne ake ƙera ƙwayoyin haihuwa, miliyoyi kullum, tun daga balaga har tsufa. Amma ga abin da mutane ba su sani ba, kowace ƙwaya sai ta ɗauki kwana 64 zuwa 74 kafin ta kammala, daga nan ta shiga wani bututu da ke manne a bayan ɗan marainan, epididimis, shi ma tsawonsa kusan mita 6 a dunƙule, ta yi kamar sati biyu a ciki a nan take nuna har ta iya ninƙaya. Ka haɗa lissafin, kusan wata uku kenan. Wato ƙwayar da ta fita yau aikin wata uku da suka wuce ce. Mutum ya yi zazzaɓi mai zafi yau, sai bayan wata biyu gwaji ya nuna ƙwayoyinsa sun yi ƙasa, hankalinsa ya tashi, alhali in aka sake gwajin nan gaba sun farfaɗo. Haka kuma wanda ya daina sigari ko aka ɗora shi kan magani, kar ya sa ran ganin canji cikin sati biyu, sai ya yi haƙuri wata uku aƙalla.

Daga epididimis sai bututun maniyyi ya ɗauko su, ya hau ta matsematsi ya shiga mara ya zagaya ta bayan mafitsara. To a nan fa maganata take, dan Allah a karanta da kyau. Ruwan nan da kake gani in ka kawo, ƙwayoyin haihuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 na yawansa ba. Kusan kashi biyu bisa uku daga wasu 'yan jakunkuna biyu ne da ke bayan mafitsara, su ke zuba ruwa mai sukarin furuktos wanda ƙwayoyin ke samun ƙarfin tafiya da shi. Mafi yawan saura daga firostet ne, wani ƙulli mai nauyin kamar giram 20 da ke ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa, shi ya sa in ya kumbura da tsufa fitsari yake wahalar fita. Maziyyi kuma da ke fitowa kafin a kawo daga wasu ƙananan ƙullaye biyu ne a ƙasan firostet, aikinsa wanke hanya daga ragowar fitsari.

Kaga kenan namiji zai iya kawo maniyyi mai yawa, fari, mai kauri, kuma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Kusan namiji 1 cikin 100 haka yake. Wanda aka yi wa aikin ɗaure bututun maniyyi ma yana kawowa kamar da, ido ba zai ga bambanci ba. Haka zancen "nawa ya tsinke" da ke hana wasu barci, maniyyi dama yana fitowa ne da kauri sannan cikin minti 15 zuwa 30 sinadarin firostet ya tsinka shi don ƙwayoyin su samu sakewa, in ya gangaro bayan saduwa ba alamar cuta ba ce. Ido ba ya iya yanke hukunci a nan ko kaɗan, tsawon ƙwaya ɗaya har da jelarta kusan kashi 1 cikin 20 na milimita ne. Sai a 1677 aka fara ganinsu, lokacin da Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya duba da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa da ya ƙera da hannunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya a littafinta na 2021 ta ba da ma'aunin ƙasa da ake kwatanta gwaji da shi: ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 gaba ɗaya, kashi 42 cikin 100 suna motsi, sai kashi 4 kacal masu cikakkiyar siffa. Eh, kashi 4. Na faɗi wannan ne saboda wanda zai karɓi takarda ya ga an rubuta masu kyan siffa kashi 6 ne ya ɗauka tasa ta ƙare. Kuma faɗowa ƙasa da ma'aunin ba yana nufin ba za a haihu ba, dama ce take raguwa.

Duk aikin nan daga ƙwaƙwalwa ake ba da umarni. Wani ƙulli da ke ƙasan ƙwaƙwalwa yana sakin sinadarai biyu, LH da FSH, na farko ya sa maraina su samar da testosteron, wato sinadarin mazantaka, na biyu ya taimaka wa ƙera ƙwayoyi. In testosteron ya yi yawa a jini sai ƙwaƙwalwa ta rage umarnin. Nan ne samarin da ke yin allurar testosteron don tara ƙwanji suke cutar kansu ba su sani ba, ƙwaƙwalwa ta ga jini ya cika sai ta yi shiru, maraina su daina aiki har su ƙanƙance, mutum ga ƙirji ga sha'awa amma ƙwayoyi sun kusa sifili, wani sai ya yi watanni ko fiye da shekara kafin su dawo.

Ita kuwa miƙewa hanyarta daban ce gaba ɗaya, aikin jini ne. Azzakari ba ƙashi a cikinsa, sanduna uku ne na nama mai kama da soso, biyu a sama ɗaya a ƙasa wanda hanyar fitsari ta bi ta ciki. In sha'awa ta motsa jijiyoyi su saki wani sinadari, hanyoyin jini su buɗe, naman ya cika ya danne hanyoyin da jinin zai koma. Tunda hanyoyin jinin nan sun fi na zuciya siranta, su ke fara nuna alama in ciwon suga ko hawan jini ko sigari sun fara lalata jijiyoyi, sau da yawa shekaru kafin zuciya ta nuna. Saboda haka ɗan uwa in ƙarfinka ya ragu, ka auna suga da jini kafin ka nemi ƙwayar ƙarin ƙarfi, musamman in kana shan maganin ciwon ƙirji irin na naitiret, haɗa su yana iya faɗar da jini har ya kai ga halaka. Miƙewar da ta wuce awa 4 ba ta kwanta ba kuma asibiti ne kai tsaye, masu sikila su riƙe wannan sosai.

Haka ciwon maraina mai tsanani da ya zo farat ɗaya, galibi ga matasa, wani lokaci har da amai, yana iya zama ɗan marainan ne ya murɗe ya toshe jininsa, kuma awa 6 ne kusan lokacin da ake da shi a cece shi, kar a ce bari gari ya waye. Kumburin jijiyoyin jini a jakar, wanda ya fi yawa a hagu, kusan kashi 15 cikin 100 na maza suna da shi kuma yana cikin sanannun dalilan ƙarancin ƙwayoyi da ake iya gyarawa. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana toshe bututu, hangum bayan balaga yana iya taɓa maraina, ƙulli mai tauri marar ciwo a ɗan maraina shi ma a nuna wa likita da wuri.

Gwajin kansa ba allura ba yanka. Za a ce ka ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, ka kawo a cikin kwalbar da suka ba ka ba a cikin kwaroron roba ba, kar ka bari na farkon ya zube don nan ƙwayoyin suka fi yawa, in a gida ka yi ka riƙe kwalbar kusa da jikinka ka kai cikin awa ɗaya. In shekara ta cika ana saduwa ba kariya kuma ba ciki, ku tafi tare da matarka, kuma kai ka fara ba da naka tunda shi ya fi sauƙi.