Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ranar da Na Kira Sunansa

Makon jiya na tsaya a inda ni da Malam muka ɗauko yaron nan daga ƙofar gidan yari a 2007, da 'yar ledar kayansa a hannu. Wasu sun rubuto suna tambayata dalilin da har yanzu nake cewa "yaron nan", mutumin da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ɗan fari ne. Ni kuwa a cikin ganuwar Zariya aka haife ni, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Babba ba har ta koma ga Allah. Shekara arba'in da wani abu a Amurka ba su sauya mini wannan ba. Ko a asibitin Lansin, babban birnin jihar Mishigan, da na haife shi a 1984, Malam ne ya faɗa wa ma'aikatan jinya sunan.

To sunan nan da nake jin nauyinsa a bakina, shi ne jihar Mishigan ta ɗora a intanet, a rajistar masu laifin lalata, da hotonsa, da adireshinsa, da tsawonsa, da tabon da ke goshinsa na faɗuwa daga keke. Duk wanda ya ga dama ya duba.

Ba zan wanke shi ba, na faɗa tun a kashi na 17. Yana da shekara 20, yarinyar tana da 15, doka kuma ta ce sai 16. Ya yi laifi a wurin Allah, ya yi laifi a wurin hukuma, kuma 'yar mutane ce. Ina da 'ya'ya mata biyu, na san abin da zan ji da tawa ce. Alƙali ya yanke masa, ya je ya yi zamansa har ya cika. Abin da ban sani ba ranar da muka ɗauko shi shi ne, wani hukuncin yana jiransa a waje, wanda ba alƙali ya yanke ba.

Ba mu iya kai shi gida ba. A 2006, yana ciki, dokar da majalisar jihar ta yi ta fara aiki, cewa duk wanda ke cikin rajistar masu laifin lalata ba zai zauna, ko ya yi aiki, ko ya tsaya haka kawai a wurin da bai kai ƙafa 1,000 daga makaranta ba. Gidanmu kuwa in ka tsaya a taga kana jin ƙararrawar firamare. Ɗakinsa da na gyara, na sa sabon zanen gado, haka na ja ƙofar na rufe. Muka kama masa ɗaki a wani ƙaramin otal a bakin babbar hanya, inda direbobin manyan motoci ke kwana. A daren na kira Inna ina kuka har ba ta gane maganata. Da na lafa ta ce, "Ke, saurara. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki tashi ki kai masa tuwo." Na tashi na tuƙa na kai masa.

Wannan maganar ce ta riƙe ni lokacin da facalata ta samo hoton nan a intanet ta tura wa dangi kaf, daga Tudun Wada har Kaduna har na Jidda, wai don kowa ya kula da 'ya'yansa. Wannan ya faru ne daga baya sosai, bayan WhatsApp ya shiga hannun kowa, amma a nan nake so in faɗe shi. Matar da na yi wa wankan jego da hannuna. Ta san yarinyar ba jaririya ba ce, ta san ya yi zaman gidan yari ya gama, ta san shekarun da suka wuce. Ba ta rubuta ko ɗaya ba, hoton kawai ta tura. Daga baya na lura ita ma rajistar haka take aiki: hoto, da lambar sashen doka, shi ke nan. Wanda ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe da wanda ya yi irin na yaron nan, a shafi ɗaya suke jere.

Da farko shekara 25 aka rubuta masa a rajistar. Ina lissafi a raina, ina cewa in da rai zai fita yana da ƙarfinsa. Sai ga takarda a 2011. An sake gyara doka don ta dace da ta tarayya, wadda ake kira da sunan Adam Walsh, ta 2006, mai raba mutane aji uku: shekara 15, shekara 25, da har mutuwa. Aka jefa shi aji na uku. Ba wanda ya kira shi, ba likitan da ya duba shi, ba wanda ya tambayi maigidansa a garejin da yake aiki yadda halinsa yake. Sau huɗu a shekara zai je ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ya nuna kansa. In ya sauya gida, ko aiki, ko mota, ko adireshin imel, sai ya je ya faɗa cikin kwana 3 na aiki, in ya makara sabon laifi ne. Daga baya aka ƙara da dala 50 duk shekara. A wancan gyaran an buɗe ƙofar fita daga rajistar ga samarin da ba su girmi yarinyar da fiye da shekara 4 ba. Shi ya zarce da watanni.

Malam ya yi shiru tun daga ranar, ya koma ga Alƙur'aninsa da lambunsa. Ni kuwa na kasa zama.

Wata Baturiya da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi, wadda ashe nata ɗan ma yana cikin rajistar, ita ta kai ni taron iyayen irinsu. A ɗakin ƙasa na wani coci ake yi. Na daɗe a mota kafin in shiga, ina tunanin abin da matan masallacinmu za su ce. Da na shiga sai na tarar da iyaye mata, baƙaƙe da farare, kowacce da jakar takardu, fuskokinsu irin tawa. A wurinsu na koyi karanta ƙudurin doka, ni da ko takardar haya Malam ke karanta mini.

A nan na ji asalin abin. An sace Jacob Wetterling yana ɗan shekara 11 a Minesota a 1989, aka yi dokar tarayya da sunansa a 1994 don 'yan sanda su riƙe sunaye. A shekarar aka kashe Megan Kanka, 'yar shekara 7, maƙwabcinsu ne ya kashe ta, a 1996 aka ce a buɗe sunayen ga jama'a. Ban taɓa jin haushin iyayen yaran nan ba, wallahi, da ni ce zan nemi fiye da haka. Amma ita kanta mahaifiyar Jacob, Patty Wetterling, ta fito daga baya ta ce an faɗaɗa abin har ya wuce inda aka nufa. Ranar da aka karanta mana wannan na yi mata addu'a a zuci.

Lauyoyin ACLU, ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka, suka bayyana mana inda gizo ke saƙar. Tsarin mulkin Amurka ya hana a ƙara wa mutum hukunci da dokar da aka yi bayan laifinsa. Amma a 2003, a wata shari'a daga Alaska, Kotun Ƙoli ta ce rajista ba hukunci ba ce, tsari ne na kare jama'a, don haka ana iya ƙara ta yadda aka so. Kotun ta jingina ne da cewa irin waɗannan mutane suna yawan maimaitawa, kuma a wata shari'ar ta 2002 har an kawo adadin kashi 80 cikin 100. Da wani farfesan shari'a, Ira Ellman, ya bi sawun adadin, sai ya tarar daga wata mujallar kasuwa ta 1986 ya fito, ba bincike a bayansa. Ita kuwa ma'aikatar shari'a ta Amurka da ta bi masu irin laifin da aka saki daga gidan yari a 2005 a jihohi 30 har shekara 9, kashi 7.7 ne aka sake kamawa da irin laifin. Na rubuta wannan adadin a bayan katin bas, yana cikin jakata har yau. Kuma duk wata uwa ta san inda haɗarin ya fi yawa. Mafi yawan yaran da ake ɓatawa, wanda suka sani ne, na gida ko na kusa da gida, wanda sunansa ba ya cikin kowace rajista. Da na ji a rediyo a Nuwamban 2019 cewa Najeriya ma ta buɗe tata rajistar a hannun NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, abin da ya zo mini shi ne yawan waɗanda muke rufa wa asiri a gidajenmu da sunan zumunci, ko gaban alƙali ba sa zuwa. Wancan ciwon daban ne, kuma ya fi ci mini rai fiye da yadda facalata take zato.

A 2015 alƙali Robert Cleland ya ce dokar ƙafa 1,000 ba ta da kai, domin ba mai iya sanin inda iyakar take. Gaskiyarsa. Saboda ita yaron nan bai je bikin kammala sakandaren Auta ba, kuma ya daina zuwa masallacin da ke da makarantar yara a jikinsa, sai dai ya yi tafiyar rabin awa zuwa wani. Sai Agustan 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta shida ta yanke cewa gyaran 2006 da na 2011 hukunci ne, ba a ɗora shi a kan laifin da ya riga shi. Alƙaliya Alice Batchelder ce ta rubuta, ta ce dokar ta mayar da mutane tamkar kutare a cikin al'umma. Na yi sujada a kicin. Na kira Inna, ta ce, "Ba na faɗa miki ba?"

Ashe da sauran tafiya. Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar ƙarar jihar a 2017, amma majalisa ba ta taɓa dokar ba sai Disamban 2020, mutum wajen 44,000 suna jira. Da sabuwar ta fara aiki a Maris 2021, an cire ƙafa 1,000, aka bar "har mutuwa" a inda yake.

Inna ba ta ga wannan ba. Ta rasu a 2018 tana tambayar mai gidanta, haka take kiransa. A 2016 an yi dokar da ta sa ake buga wa irinsu tambari a cikin fasfo, kuma sai sun sanar kwana 21 kafin su fita ƙasar, a kuma aika wa ƙasar da za su je. Wace gawa ce ke jiran kwana 21? Ni kaɗai na tafi. Maganar aurensa da 'yar Goggo ma a nan ta mutu, domin lauya ya ce dokar Adam Walsh ta toshe masa hanyar neman wa mata takardar zama, sai da wani izini da ba kasafai ake samu ba. A zaman makoki facalata ta zo ta durƙusa tana yi mini gaisuwa. Na amsa. Na tuna maganar hannu, na ce ita ma ai hannu ce, amma ban iya kallon fuskarta ba, har yau kuma ban iya ba.

Bayan na dawo ne, a 2019, ƙungiyarmu ta samu ganin ɗan majalisar mazaɓarmu a Lansin, mu biyar, minti 15. Na sa atamfar da Inna ta bar mini. Na shirya zan yi maganar kashi 7.7, zan ce ba mu nemi a yafe wa kowa ba, a dai duba mutum ɗaya-ɗaya, wanda ya yi shekaru bai sake ba a ba shi damar tsayawa gaban alƙali ya nemi a cire shi. Na fara, "Yarona..." Mutumin ya ajiye biro ya ce, "Yaya sunansa?"

Na duba abokiyar aikina, ta san sunan, na ɗauka za ta faɗa. Ta yi shiru tana kallona. Bakina ya bushe, kunnena yana jin Inna. Sai na faɗa, cikakke, da na mahaifinsa. Ya rubuta a takardarsa, ya ce in maimaita don ya iya furtawa daidai, na maimaita.

A mota na kira shi yana gareji, ana ta buga ƙarfe a bayansa. Na ce masa na je, na yi magana. Ya ce, "Umma, me kika ce musu?" Na ce ya zo gida da daddare, akwai miyar kuka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin abin da Malam ya yi da ya ji.