Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Zazzaɓi Ya Tafi, Kaina Bai Dawo Daidai Ba

A makon jiya mun tsaya a inda korona ta sake ni, cikin azumin 2020, lokacin da Kano ke kulle ana ta kai dattawa makwanci. Tari ya tafi, hancina ya dawo yana jin ƙamshin miya, kowa ya ce Alhamdu lillahi, an tsallake.

Da aka buɗe kasuwa na koma shagona a Kantin Kwari. Ni da nake buga lissafin dila guda na atamfa da ka kafin yarona ya lalubo kalkuleta, sai ga ni mai saye ya ce a yanka masa yadi biyar na shadda, na ɗauki almakashi na tsaya ina kallonsa. Biyar ya ce ko goma? Sunan abokin cinikin da muka daɗe tare ya zo bakina ya maƙale. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla: ina tsaye a La'asar ban san raka'a ta nawa nake ba, kullum sai ƙabli ko ba'adi. Dare ya yi barci ya ƙi zuwa, gabana na ta faɗuwa babu dalili, hira ma ta fita raina.

Hajiyarmu ta yanke hukunci tun da wuri. "Sammu ne, ɗan nan. Kasuwa ba ta rasa mahassada." Aka kawo rubutu, aka yi tofi, na sha, don ba a musu da uwa. Yayana kuwa cewa ya yi tunanin bashi ne kawai, in daure. Maganarsa ta fi yi mini zafi.

Uwargidana ce ta matsa sai mun ga likitan ƙwaƙwalwa, ina ta noƙewa kada a ce Alhaji ya taɓu. Aka auna jini da suga, komai lafiya. Likitan ya ce, "Alhaji, ba hauka ba ne. Wasu da suka warke daga korona kan yi watanni da mantuwa, kasala da damuwa." A Oktoban 2021 ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin wannan lalura a hukumance.

Ya rubuta mini magani, ya ce in riƙa tashi daga kasuwa da Azahar, kowane ciniki kuma in rubuta shi a littafi nan take. Yadda 'yan layinmu suka karɓi wannan littafi, sai mako mai zuwa in sha Allahu.