Daren jiya da faifan Sade

Jiya da daddare aka ɗauke wuta, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kunna Diamond Life na Sade Adu a waya. Tun 1984 ya fito, amma wallahi ban iya tsallake waƙa ko ɗaya ba. Ba ta ɗaga murya. A hankali take jan baiti irin na mawaƙan soul, sai busar saksafon ta Stuart Matthewman ta amsa mata da salon jaz, kamar mutum biyu suna hira ƙasa-ƙasa. A Ibadan fa aka haife ta, a 1959, ta tashi a Ingila. Har cajin wayata ya ƙare ban tashi ba.