Malam Ya Cika Kwando, Yaro Ya Zaɓi Littafi

Akwai 'yan aji uku da yawa a makarantunmu na firamare da za su karanta maka "ba, bi, bu" a allo ba gargada, har su haɗa "tumatir" da "makaranta", amma in an tashi ba za su sake buɗe littafi ba sai gobe idan malam ya ce a buɗe. Irin wannan yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, bai dai zama mai karatu ba tukuna. Yawan karantawa ne ke mai da shi mai karatu, yawan karantawa kuwa ba ya samuwa sai da so. Cikin dabarun tayar da wannan so babu mai araha kamar a bar yaro ya zaɓi abin da zai karanta. Sai dai aikin aji ya koya mana cewa zaɓin yana da ƙa'ida. In aka sake shi haka nan, wawaso yake zama.

Masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Rochester a Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe da bayyana cewa himmar da ke fitowa daga zuciya tana tsayawa ne kan abu uku: mutum ya ji yana da ta cewa a abin da yake yi, ya ji zai iya, ya kuma ji yana tare da mutane. Malamai da yawa na farkon kawai suke riƙewa. Su juye kwalin littattafai a gaban aji su ce kowa ya ɗauka. Ƙarfafa su kwashe masu hotuna masu launi, ƙanana su tashi da abin da ya rage, yarinyar da har yanzu take fama da "ƙw" da "ts" ta sami kanta da littafin 'yan aji shida. Ta zaɓa, gaskiya ne, amma ba za ta iya ba. Minti biyu ta rufe shi, abin da ta koya a ranar kuwa shi ne littafi ba nata ba ne.

Saboda haka aikin farko na malam ne, kuma ana yin sa kafin yaro ya taɓa littafi. A san matakin kowa. Kati ɗaya ya isa: haruffa 10, kalmomi 10, sai ɗan sakin layi mai jimloli huɗu. A tabbata an sa haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da tagwaye irin su sh, ts, ky da ƙw, don a nan ake gane wanda ya iya da wanda ya haddace. Minti biyu kan kowane yaro. Aji mai yara 80 zai ci minti 160, wato kamar rabin awa kullum har mako guda. Daga nan a kasa su uku: masu haruffa da gaɓoɓi, masu kalmomi da gajerun jimloli, masu iya bin labari.

A kowane kashi a yi rukuni na yara takwas-takwas, kowane rukuni da kwando ɗaya ko kwali mai littafi 12. Lissafin ba na banza ba ne: idan bakwai sun ɗauka, na ƙarshe yana da biyar a gabansa, shi ma ya zaɓa ke nan, ba ragowa aka bar masa ba. Cikin 12 ɗin, takwas su dace da matakin rukunin, biyu su fi sauƙi, biyu su ɗan fi wuya. A riƙa juya wanda zai fara ɗauka, in ba haka ba kullum masu ƙarfin hali ne za su riga, 'yan mata masu kunya su zama na baya. Kwandunan kuma a kira su da launi, ja, shuɗi, kore, da ɗan salatif mai launin a gadon bayan kowane littafi don ya koma mazauninsa. Kada a kira su na ɗaya da na uku. Ko da launin ma yara za su gane wanne ne na masu rauni, abin da ke hana sunan "kwandon daƙiƙai" kama shi ne su ga ana tashi daga wannan zuwa wancan duk bayan mako shida. Inda littattafai ba su kai 120 ba, a yi karatun bibbiyu: littafi 60 ya ɗauki ajin, kwando mai shida ga tagwaye huɗu.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Zaɓi kansa abin koyo ne. Yaron da aka rena da cewa ba a miƙa hannu a gaban babba, ka ce masa "ɗauki wanda kake so", sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk wanda ka ba ni, Malam." Wannan ladabi ne, ba rashin sha'awa ba, kuma kuskure ne a tsawata masa a kai. Binciken da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 1999 kan yara 'yan shekara 7 zuwa 9 a San Francisco ya taɓo wannan: 'ya'yan Turawa sun fi ƙwazo a aikin da suka zaɓa da kansu, 'ya'yan 'yan asalin Sin da Japan kuwa sun fi ƙwazo da aka ce musu mahaifiyarsu ce ta zaɓa. Ba a yi binciken a kan yaranmu ba, amma hannunka mai sanda ne. Wani yaron ta hannun wanda ya amince da shi yake shiga littafi. Maganin mai sauƙi ne. Malama ta ɗaga littafi uku, ta karanta shafi biyu na kowanne da murya mai daɗi, ta tsaya daidai inda Gizo ya leƙa cikin tukunya, ta ajiye su a kwando, ta ja da baya. Ga mai tsananin kunya a rage masa zuwa biyu: "Wannan ko wannan, Hauwa'u?" Bayan mako biyu ko uku hannun zai riƙa miƙewa da kansa.

Akwai wata dabara da aka aro daga azuzuwan Ingilishi: yaro ya buɗe shafi ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa ɗaya, in yatsu biyar suka ƙare littafin ya fi ƙarfinsa. Tana da amfani, amma da Hausa ba ta wadatar. Rubutun boko na Hausa kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa, don haka yaro zai iya rattaba shafi guda bai lanƙwashe yatsa ko ɗaya ba, kuma bai fahimci komai ba. Ga shi ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Wanda ya karanta "an tankaɗe gari" da sautin birni, ka san bakinsa ne ke karatu, hankalinsa yana wani wuri. Shi ya sa ake ƙara mataki: ya rufe littafin ya gaya wa na kusa da shi abin da ya faru a shafin. In ya iya, ya ci gaba. In bai iya ba, ya mayar ya ɗauki wani, ba tare da an ce masa uffan ba. A littafin masu farawa, mai kalma takwas a shafi, yatsa biyu ma sun yi yawa.

Lokacin ya zama sananne a jadawali: minti 15, sau uku a mako, bayan an dawo daga tara ya fi, lokacin ciki ya ɗan samu. Minti biyu na zaɓi, goma na karatu, uku na hira. A makon farko minti biyar na karatu ya isa, a riƙa ƙarawa. Wannan ba ya maye gurbin darasin koyon sautuka da gaɓoɓi irin wanda shirin Mu Karanta ya kawo a Bauchi da Sakkwato, ko RANA a Katsina da Zamfara. Wancan ne ke ba yaro makami, wannan ne filin da zai gwada shi. Malam kuma ba lokacin makin littattafan aiki ba ne a gare shi. Ya zaga, ya durƙusa gefen yara biyar a kowane zama, ya saurari layi uku ko huɗu. Biyar sau uku 15 ne a mako, cikin mako shida ya ji muryar kowa a aji mai 80, ya kuma san wanda ya isa sauya kwando.

Nazarin da Erika Patall da abokan aikinta suka yi a 2008, inda suka tattara bincike 41, ya nuna cewa zaɓi ya fi tasiri a kan yara fiye da manya, ya fi ƙarfi idan an ba da shi sau biyu zuwa huɗu a jere, kuma yana raguwa idan an biyo shi da lada. A aji ma'anarsa ita ce bayan zaɓin littafi a ƙara zaɓi ɗaya ko biyu kawai daga cikin irin waɗannan: kai kaɗai ko da aboki, a benci ko a tabarma a inuwar darbejiya, in ka gama za ka zana ne ko za ka ba da labarin. Fiye da haka lokacin karatun ne zai tafi a shawara.

Batun lada yana buƙatar a tsaya a kansa, don da kyakkyawar niyya ake ɓata shi. A ce wanda ya gama littafi goma yana da biskit ko fensir, nan da nan kowa ya koma kan mafi siranta, ana juya shafi ba a karantawa. Tun 1973 Lepper da abokansa suka nuna haka da 'yan nazare masu son zane: waɗanda aka yi wa alkawarin kyauta sun rage zanen daga baya da aka bar su su kaɗai. Bulala ma haka take ta ɗaya gefen. Idan yaro ya san za a tsayar da shi a gaban aji a yi masa tambayoyi kan littafin da ya zaɓa, zai zaɓi wanda ya riga ya haddace. Mafi muni shi ne zaɓin ƙarya, a ce ya ɗauka, ya ɗauka, malam ya karɓe ya ce "wannan ba naka ba ne". Sau biyu aka yi masa haka ya daina. Wanda kuma ya nace wa littafi ɗaya mako uku a ƙyale shi, maimaici ne ke kawo saurin karatu, sai a ɗora masa wani mai kama da shi a gefe.

Kwando mai tatsuniya zalla yana barin yara da yawa a waje. Akwai wanda ba abin da zai riƙe shi sai yadda ake kiwon tantabara, ko ƙwallo, ko jirgin ƙasa, ko kacici-kacici da karin magana. Ƙissoshin annabawa suna da farin jini sosai, amma duk littafin da ke ɗauke da aya a keɓe masa wuri a sama, kada ya shiga kwandon da ake ajiyewa a ƙasa. Shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library suna da littattafan yara na Hausa da za a sauke kyauta a buga. Kafin a buga da yawa a fitar da guda a duba, don wasu kwamfutocin kan mai da ƙ da ɗ ɗan akwati, ko su bar su ba lanƙwasa, yaro ya tarar da "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Takardar A4 uku in an naɗe su biyu sun ba da shafi 12. A ɗinke tsakiya da zare da allura, ƙarfen matse takarda yana tsatsa da damina ya ci takardar. Bango kuma kwalin taliya ya wadatar, a bi gefensa da salatif. Ajiya a bokitin roba mai murfi, a ɗora kan benci, saboda gara da ɓera da yoyon rufi.

Hedimasta da ke kulle littattafai a ofis don kada su yage yana da uzurinsa, ana tambayarsa lissafinsu. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne rajista: littafin rubutu ɗaya a kowane kwando, monitan rukuni ya rubuta suna da littafi da rana. Aron zuwa gida a jinkirta shi sai bayan rabin zango, daga Juma'a zuwa Litinin, cikin leda. Rajistar nan kuma ita ce ke gaya wa malam abin da zai nema nan gaba. Littafin da aka yi ta rububinsa a ƙaro irinsa. Wanda ya yi mako shida ba wanda ya taɓa, malam ya karanta wa ajin shafinsa biyu na farko ya mayar. In mako biyu suka ƙara wucewa yana nan, a kai shi kwandon wani aji a sa wani a gurbinsa.