Abin da Ke Ƙasan Ƙafar Sisiliya

A zangon da muka yi kwas ɗin tarihin zane-zanen Turai, malaminmu ya raba mana hotuna, ni kuwa na samu zanen Waliyya Sisiliya da mai zanen Italiya Rafayel ya yi wajen shekarar 1514, wanda yanzu yake gidan adana zane-zane na birnin Bolonya a Italiya. Na yi murna, don na ɗauka aikin mai sauƙi ne. Na cika shafi uku da tarihi: an zana shi ne domin cocin San Giovanni in Monte, Faransawa suka kwashe shi zuwa Paris a zamanin Napoleon, can aka ɗauke fentin daga katako aka mayar kan ƙyalle, sannan aka dawo da shi a 1815.

Malam ya karanta, ya miƙo mini takardar, ya ce, “To, kai me ka gani?”

Shiru na yi. Gaskiya ban duba zanen ba, labarinsa kawai na bi.

Da dare na sake buɗe shi a kwamfuta, na ƙara girmansa. Waliyyan Kirista huɗu ne ke kewaye da Sisiliya, kowanne da alamarsa: Bulus da takobi, Yohanna da gaggafa, Maryamu Magadaliya riƙe da tulun turare, sai Agustin da sandar bishop. Agustin ɗin nan fa ɗan Afirka ne, a Hippo ya yi aiki, inda Annaba take a Aljeriya yau, amma Rafayel ya ba shi kamar dattijon Italiya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙasa. Kayan kiɗa ne zube a gaban ƙafafunta, wani mai kama da goge igiyoyinsa sun tsinke, ga sarewa, ga bandiri. Ita kanta ƙaramin ogan da ke hannunta, wato abin kiɗa mai jerin bututu, ya karkace, bututunsa na zamewa, ba ta ma kula ba, idonta na sama wajen mala'iku masu waƙa. Ana ɗaukarta majiɓinciyar mawaƙa, ga shi ta saki kiɗan duniya. Bulus ne kaɗai ya sunkuyar da kai yana duban tarkacen, hannu a haɓa.

Takarda ta biyu da na kai wa malam shafi ɗaya ce, rabinta a kan igiyoyin gogen nan.