Abin da jan hasken yurofiyam ya koya mini

Garin haidroksiyafatait fari ne fat kamar alli. Shi ne ma'adinin da ya fi yawa a ƙashin mutum da haƙoransa, shi ya sa likitoci ke cike gurbin ƙashi da shi, jiki kuma ya karɓa ba gardama. Aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne in sa masa ɗan yurofiyam, ɗaya daga cikin sinadarai 17 da ake kira ƙarafan ƙasa masu wuyar tacewa. In aka haska shi a cikin duhu da fitila mai zangon nanomita 394 (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon haske, wanda ke nuna launinsa), sai farin garin nan ya rikiɗe ya koma ja. Tabiyam kuwa, wani daga cikin waɗannan ƙarafa, kore yake bayarwa, a wajen nanomita 545. Manufar ita ce mai bincike ya iya bin sawun garin cikin ƙwayoyin halitta, ya ga inda ya shiga da yadda yake narkewa.

Tun a wajen awo ake cin nasara ko a faɗi. Dole ne kalsiyam da fosfaras su tsaya a kan ma'aunin 1.67, wato zarrar kalsiyam 1.67 ga kowace zarrar fosfaras, ruwan haɗin kuma a riƙe shi da amoniya a wajen pH 10 (pH shi ne ma'aunin tsami ko kanwar ruwa). Da zarar kalsiyam ya gaza, ido ba zai gane komai ba, garin yana nan fari abinsa. Sai an sa shi a tanderu zafi ya kai wajen digiri 800 na Salsiyas asiri ke tonuwa: wani sashe ya balle ya zama tirikalsiyam fosfet, mai ma'aunin 1.5, wanda ya fi saurin narkewa a jiki. Ba mugun abu ba ne, wasu ma da gangan suke haɗa biyun. Amma ya kamata a ce kai ka nufa, ba na'urar XRD, mai duba tsarin kiristal da hasken X-ray, ce za ta ba ka labari daga baya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hasken kansa yake zama shaida a kan ginin. Kalsiyam yana da mazauni iri biyu a cikin kiristal ɗin, huɗu a na farko, shida a na biyu. Yurofiyam kusan girmansu ɗaya, don haka yana samun wurin zama, sai dai cajinsa uku ne, na kalsiyam biyu. Wannan rarar sai an biya ta: ko dai a bar wani mazauni fayau, ko kuma OH (haɗin oksijin da haidirojin) da ke kusa ya saki haidirojin ɗinsa. Kowanne daga ciki yana karkata ginin, karkatar kuma tana fitowa ɓaro-ɓaro a jadawalin haske. Layi biyu nake fara dubawa, na wajen nanomita 590 da na wajen 615. Na farkon bai cika damuwa da muhallinsa ba. Na biyun kuwa, gwargwadon yadda mazaunin ya karkace, gwargwadon yadda yake tashi. Bayan gashi sai wani siririn layi ya ƙarfafa a wajen 574, alamar yurofiyam ya ƙaura zuwa mazauni na biyu. Har yau abin yana ba ni mamaki, cewa daga launi kaɗai za ka san inda ƙwayar zarra ta zauna.

Ƙara yurofiyam ba ya nufin ƙarin haske. Akwai iyakar da in aka wuce ta, ƙwayoyin yurofiyam suna matsuwa da juna, su yi ta miƙa wa juna kuzarin har ya salwanta. Ruwan da ya maƙale a garin da ba a gasa ba shi ma yana shanye hasken. To amma gashi yana ƙara wa ƙwayoyin garin girma, alhali ƙanana ake so domin shiga ƙwayar halitta. Ba ka samun duka biyun, sai ka zaɓa.

A nan nake ganin da yawanmu masu wannan bincike muna shagala. Muna tseren wa ya fi haske, mu manta cewa ƙashin majinyaci aka nufa. Hasken ultrabayolet, irin wanda ake tayar da yurofiyam da shi, ba ya ratsa tsoka da nisa, kuma yana cutar da ƙwayoyin halitta, saboda haka jan hasken nan ya fi amfani a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. Masu son gani cikin jiki sun fi karkata ga itabiyam da arbiyam, waɗanda ake tayarwa da hasken infrared mai zangon nanomita 980, ko gadoliniyam domin hoton MRI. Kowanne aka zaɓa, sai an gwada a ga ƙwayoyin ƙashi sun rayu sun hayayyafa a kansa, sannan a auna yawan ƙarfen da ke fita yayin da garin ke narkewa.